Yadda Mai Lema Ta Tsufa a Ɗakin Direba

"Ga ta nan, ga ta nanku, masu gyangyaɗi da masu ido biyu."

"Ta zo mu ji ta, mun gyara zama."

To madalla. Wannan dai ba ta dabbobin dawa ba ce, ta wasu tsofaffi biyu ce da na sani ciki da bai. Ɗaya yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, mai gyaran agogo a wani ɗan shago a bakin titi, tsakanin mai wanki da guga da mai sayar da fitilu. Ɗayan amininsa ne tun suna samari, tsohon direban babbar mota. Ya ajiye sitiyari amma sunan ya ƙi barinsa, har jikokinsa Direba suke ce masa a bayan ido. Shi kuma Agogo yake kiran yayan nawa.

Kiɗa ne ya haɗa su, kiɗan ƙasashen waje na zamanin ƙuruciyarmu, mai jita da ganga da samari masu gashi buzu-buzu, wanda ake ce wa rok, da ɗan'uwansa mai sanyi na rawa da soyayya. Ba a waya suke ji ba irinku. A faifai suke ji, baƙin faifan nan mai faɗin faranti da ake ɗora wa allura ya yi ta juyawa. Tun suna ɗaki ɗaya suka fara tarawa. Direba in ya kai kaya garuruwan bakin teku sai ya bi shagunan gwanjo da ma'aikatan jirgin ruwa, ya dawo da faya-fayai nannaɗe cikin bargonsa, shi kuma ya kwana da sanyi. Yaya shi ne mai gogewa, mai liƙe kwalin da ya yage, mai jerawa.

Da aure ya zo kowa zai kama gidansa, sai aka rasa yadda za a raba kayan. Daga ƙarshe Direba ya ɗauki garmaho, wato injin juya faifan, da manyan lasifikoki biyu, don ɗakinsa na bene daɓen siminti ne, ko an yi tsalle allura ba ta girgiza. Yaya ya kwashe faya-fayan kaf, don ɗakin bayan shagonsa rana ba ta shiga, faifai kuwa in ya sha rana lanƙwashewa yake kamar bakin malafa. Sai ya zamana mai garmaho ba shi da abin ɗorawa, mai faifai ba shi da inda zai ɗora. Ba wanda ya ga aibin haka a cikinsu. Suka kafa doka: ko wa ya sayo faifai, a wajen Yaya zai kwana, kuma sabo ba a yage ledarsa sai su biyu suna zaune.

Haka aka yi ta yi har gashin kowa ya yi fari. Duk ranar Asabar in rana ta yi sanyi, Yaya zai ja ƙofar shago, ya zaɓi faifai huɗu ko biyar ya sa a wata jakar fata, ya rungume ta a ƙirji kamar jariri, ya haye benen Direba. Matar Direba, da muke kira Maman Auta, ta ajiye musu butar shayi ta ja musu ƙofa. Daga nan sai kiɗa da gardama. Bugun wace ƙasa ya fi nauyin ganga, wane ne ya kaɗa jitar waƙa ta uku, wannan kwalin na asali ne ko an sauya shi a hanya. Yaya har shinshina kwali yake ya gaya maka shekarunsa. Turancinsu kuwa bai wuce sunayen kayan mota da na agogo ba, don haka ma'anar waƙa ma kowa da tasa. Yaya ya ce wannan mijinta ne ya yi tafiya take kuka, Direba ya ce a'a, mai gidan haya ne ya ba ta wa'adi, ka ji yadda take jan murya irin ta mai neman a ɗaga mata ƙafa.

Bayan rasuwar matar Yaya, Asabar ɗin nan ce kaɗai fitar da ta rage masa. Ni nake kai masa abinci, na sani. Tun ranar Alhamis yake fara tunanin me zai sa a jaka.

A cikin faya-fayan akwai wanda suka fi so. A kwalinsa an sa hoton wata yarinya tsaye a bakin ƙofa da lema ruwan ɗorawa, sai suka sa mata Mai Lema, sunanta na gaskiya kuwa ba wanda ya taɓa wahalar da bakinsa a kai. Murya gare ta siririya, mai tashi sama kamar ba za ta sauko ba. Amma faifan ya sha allura har ya gaji. In aka sa shi sai ka ji ƙas-ƙas-ƙas kamar ana suya a bayanta, wani wurin ma suyar ta fi waƙar ƙarfi.

Direba yana da 'ya, Auta, ma'aikaciyar jinya a ƙasar waje. Wata rana suna waya ya yi mata ƙorafin suyar nan, hira kawai, bai nufi komai ba. Ita kuwa 'yar albarka sai ta shiga kanti ta tarar an sake buga faifan Mai Lema sabo dal, cikin akwatin kwali mai kauri, ta saya ta aiko.

Ranar Laraba saƙon ya iso. Direba ya ajiye shi a kan tebur, ya zagaya shi, ya zauna, ya tashi, ya sake zagayawa.

Maman Auta ta ce, "Baban Auta, ka dai san dokarku."

"Na sani mana. Ni na kafa ta."

"To me almakashina yake yi a hannunka?"

"Dubawa zan yi ko bai fashe a hanya ba. In Agogo ya zo ranar Asabar muka tarar da shi a fashe, ai zuciyarsa ba za ta ɗauka ba."

Ya yanka leda. Ciki faifai biyu ne manya, masu nauyi, baƙi wuluk har kana ganin fuskarka, ga kuma ɗan littafi na hotuna. Da ya ga ba su fashe ba, sai ya ce to ai fashewa iri-iri ce, akwai wadda ido ba ya gani sai kunne. Farkon waƙa ɗaya kawai zai ji. Ya ɗora, ya sauke allura, ya koma kujera ya rufe ido.

Suya dai babu, shiru tas. Sai ganga ta shigo a hankali, tana jan ƙafa kamar mota ta ɗauko lodi a hawa. Jita ta biyo ta da nishi. Sannan murya ta fito, wata irin murya mai kauri, a gajiye, kowace kalma sai an ja ta da igiya. Waƙar ce dai, ya gane ta, amma kamar an tashi mutum daga barci aka ce ya rera.

Maman Auta ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Wa ya rasu?"

Direba ya jawo ɗan littafin nan yana buɗewa, yana nisanta shi da fuska, don ya ƙi sa tabarau, wai tabarau na tsofaffi ne. Rubutun bai ga komai a ciki ba sai layin tururuwa. Amma a shafin ƙarshe ga hoton wata dattijuwa, gashi fari fat, tana murmushi, riƙe da lema ruwan ɗorawa.

Nan take ya haɗa lissafinsa. Ashe abin da ake nufi da an sake bugawa ke nan. Sun je sun ɗauko baiwar Allah da tsufanta, ita da makaɗanta, suka sa su sake rerawa.

Ya ce, "Ashe ita ma ta tsufa."

"To da ita wace ce da ba za ta tsufa ba? Kai ka duba madubi kwanan nan?"

"Ba za ki gane ba. Mu muke tsufa, ita tana nan yadda take. Haka aka saba."

Ya zauna har faifan ya ƙare, sannan ya yanke shawara shi kaɗai. Agogo ba zai ji wannan ba. Mutumin da tun rasuwar matarsa sai an sa Mai Lema ake ganin haƙoransa, a kawo masa ita tana nishi haka? Ina. Sai dai kuma in ya zo ranar Asabar dole ya ga akwatin, in an ɓoye ma sai ya tambaya, don Auta ta riga ta buga masa waya da murnarta ta ce tsaraba na hanya. Wannan ɓangaren ne Direba bai yi tunaninsa da kyau ba.

Washegari ya sauka shagon Yaya. Ina zaune a kan benci ina jiran kwanukana. Yaya na sunkuye da gilashin nan na ido ɗaya, yana tsintar cikin wani agogon hannu.

"Agogo, sannu da aiki."

"Yauwa Direba. An ce baƙuwa ta sauka."

"Wace baƙuwa?"

"Mai lema mana. Ko ruwa ya tsare ta a hanya?"

Direba ya sosa ƙeya ya kalli agogunan bango ɗaya bayan ɗaya kamar zai saya. "Ta iso. Amma dama abin da ya kawo ni, Asabar ɗin nan kada ka wahalar da kanka. Ina da ɗan uzuri."

"Sai ta sama ke nan."

"Ita ma dai, bari mu gani tukuna."

Yaya ya cire gilashin daga ido ya dube shi sosai. "Ka buɗe."

"Dubawa kawai na yi."

"Ka ji."

"Kaɗan."

"Yaya take?"

Direba ya ce, "Ba laifi. Ba irin wanda za ka so ba ne."

Yaya ya mayar da gilashinsa ya sunkuya. "To Allah ya ba da sa'ar uzuri."

Da Direba ya fita na ce, Yaya, ka bi shi mana ka ji ko lafiya. Ya ce lafiya lau, me zai hana lafiya, mutum yana da garmaho yanzu kuma ya samu faifai, ai ya cika mutum. Me zai yi da mai jaka?

Asabar ta zo ta wuce, wata ta biyo ta. Yaya bai rufe shago ba, ya zauna yana gyara agogunan da ba abin da ya same su. Abincin da nake kaiwa rabi yake dawowa. Ni kuma bakina bai iya shiru ba, na gaya wa ɗansa babba. Shi kuwa irin yaran yanzu, kowace damuwa a kanti suke neman maganinta. Bai yi wata-wata ba ya sayo wa ubansa sabon garmaho, ɗan ƙarami mai kamar akwatin tafiya, da hannun ɗauka da lasifika a jikinsa.

"Ga naka, Baba. Ka huta da hawa benen mutane."

Yaya ya yi godiya, ya sa albarka. Da yaron ya tafi ya ɗauko wani tsohon faifai ya gwada. Allurar sabon abin nan ba ta san mutuncin tsoho ba. Tana isa inda ya ɗan karce sai ta yi tsalle ta faɗa waƙar gaba, ga sauti kamar ana waƙa a cikin gwangwani. Yaya ya ɗage ta da sauri yana ba faifan haƙuri. Bai ƙara ɗora mata ko ɗaya ba. Amma fa ya ajiye akwatin a kan kanta, a buɗe, daidai inda duk mai wucewa zai gani, kullum da safe sai ya goge shi. Mai wanki da guga ya gani, ya gaya wa mai kai wa su Direba kaya, kafin yamma labari ya hau bene.

Direba ya ce wa matarsa, "Kin ji ko? Ya yi garmaho. Ko sati uku ba a yi ba."

"Kai ka ce kada ya zo."

"Don shi na yi."

"To ka gaya masa don shi ka yi."

"In na gaya masa ai ya ji abin da nake ɓoyewa."

Abin da ya fi ba ni dariya, ko da yake a lokacin Maman Auta ba dariya take ba, shi ne Direba bai daina sa faifan ba. Ba shi da wani, ga shi kuma wai yana jin nauyinta. Kullum bayan azahar sai ya ɗora, ya zauna ya haɗa tagumi, dattijuwa tana nishi daga lasifika biyu har tagogi na rawa. In matar ta yi magana ya ce, ba a gudun mutum don ya tsufa, lokacin da take da murya mun sha daɗinta, yanzu kuma sai mu juya mata baya? Kamar mai zuwa dubiya asibiti. Maƙwabta suka fara tambaya ko injin ruwa ne ya lalace. Shi kansa ya fara tafiya a hankali, yana magana a hankali, yana cewa gwiwarsa, bayansa, wai kowa da lokacinsa. Har ya fara zancen wa zai bar wa lasifikokin.

Ranar da ya yi zancen lasifika Maman Auta ta ce abin ya isa. Ta bari ya shiga wanka, ta tattara faifan biyu da littafin ta zuba a akwatinsu, ta yafa mayafi, sai shagon Yaya. Nan ma ina nan, don kun san ni da benci.

Ta dire akwatin a kan kanta. "Malam, ga kayanka."

Yaya ko kallo bai yi ba. "Ba nawa ba ne, Maman Auta. Tsarabar 'yarku ce."

"Tun ina amarya faifai bai taɓa kwana a gidana ba. Wannan ya kwana, ga shi yana nema ya kashe mini miji. Ka karɓa, ko ka jera shi ko ka jefa a rijiya."

"Kashewa kamar yaya?"

"Matar nan taku ce ta tsufa. Sun sa ta sake waƙa, murya kamar ana jan tebur. Shi ya hana ka zuwa, wai kada ka ji ranka ya ɓaci. Shi kuma ya zauna yana ji kullum, yana tsufa tare da ita."

Yaya ya ajiye abin da ke hannunsa. Sannan ya goge hannu a riga, ya buɗe akwatin, ya zaro faifai ɗaya ta gefe-gefe yadda suke yi, yatsa bai taɓa fuskarsa ba. Ya juya shi a haske. Ya ce waƙa biyu-biyu kacal a kowace fuska, faifai ɗaya sun raba shi biyu, me ya sa? Ya sa gilashinsa na ido ɗaya ya duba takardar tsakiya. Sai na ga kafaɗunsa sun fara rawa. Na zaci kuka ne, ashe dariya ce ta ƙi fita.

Bari in gaya muku abin da ya gani, don ni ma sai da aka yi mini bayani. Garmaho gudu biyu gare shi. Manyan faya-fayai a hankali suke juyawa, ana ce wa gudun talatin da uku. Ƙanana masu waƙa ɗaya su ne masu sauri, arba'in da biyar. Haka su Yaya suka sani tun tasowarsu, babba a hankali, ƙarami da sauri. To masu sake bugun nan, don wai sauti ya fi fita, sai suka yi babban faifai amma mai gudun ƙarami, suka rubuta a jiki da 'yan ƙananan lambobi. Direba ya ga babba, ya sa shi a gudun manya. Ba wanda ya sake rera komai. Muryar yarinyar ce ta da, ya riƙe mata ƙafa.

Yaya ya ɗora faifan a kan ɗan akwatinsa, ya tura maɓalli zuwa arba'in da biyar, ya ɗaga allura. Ni da Maman Auta muka miƙa wuya. Sai ya tsaya da hannu a sama, ya mayar da allurar mazauninta.

Na ce, "Yaya, sa mana mu ji."

"Ba a jin sabo sai mu biyu."

"Shi ai ya ji."

"Bai ji ba. Abin da ya ji daban."

Ranar Talata ce, rana tsaka, ga wani mutum ya kawo agogo yana jira. Yaya ya ce masa ya dawo gobe, lokaci ba gudu yake ba. Ya rufe shago, ya rungumi akwatin faifai, ni ya miƙo mini garmahon, muka bi Maman Auta.

Mun tarar da Direba tsaye a tsakar ɗaki da tawul a wuya, yana leƙa ƙarƙashin kujera. Da ya ga abin da ke ƙirjin Yaya sai ya zauna.

"Ka ji ke nan."

"Ban ji ba. Ni ina da doka."

"Agogo, kada ka sa. Ka bar ta yadda ka san ta."

"Matsa mini tebur."

"Na ce maka ba daɗi."

"Kai dai direba ne ko? Mota in ka sa ta a giya ɗaya ka hau babban titi, me za ta yi?"

"Kuka za ta yi. Me ya kawo mota?"

Yaya ya jona ɗan akwatin, ya ɗora faifai, ya sauke allura. Ganga ta shigo da gudunta, jita ta bi ta a guje, sai ga muryar nan siririya ta tashi sama, tas, ba suya ba nishi, yarinya ɗanya shakaf kamar yau ta fito da lemarta. A cikin gwangwani take waƙar, gaskiya, amma ita ce.

Direba ya buɗe baki ya kasa rufewa. Ya dubi akwatin, ya dubi nasa garmahon, ya dubi Yaya.

"Arba'in da biyar," in ji Yaya. "An rubuta. Da ka sa tabarau da ka gani."

"Babban faifai?"

"Babban faifai."

"To hoton tsohuwar fa?"

"Hoto ne. Ta tsufa mana, ba ta da 'yanci? Amma ba su sa ta waƙa ba."

Direba ya kasa kunne har waƙar ta kai tsakiya. Na ga ya ɗauki bakin tawul ya goge ido, wai ruwan wanka ne. Sai kuma ya miƙe tsaye, gwiwa ta warke, baya ya warke, ya nufi garmahonsa yana cewa a cire ta daga gwangwanin nan a sa ta inda ya dace da ita. Ya kama maɓallin gudu zai tura, maɓalli ya ƙi motsi. Ya ƙara ƙarfi, ko gezau.

"Wa ya taɓa mini wannan?"

Yaya ya yi tari. "Tun shekarar da aka haifi Auta yake kwance, yana zamewa. Ka kawo mini ƙara, na liƙe shi da gam. Ba mu da ƙananan faya-fayai, na ga ba amfaninsa."

"Au. Ashe kai ka tsofar da ita."

"Ni na ce ka buɗe leda ranar Laraba?"

"Ko na jira Asabar ai gam ɗinka na nan."

"Da ka jira Asabar da akwai mai ido a ɗakin."

"Mai ido ɗaya dai. Kai kuma da ka yi sabon garmaho kana goge shi a bakin titi, faifai nawa ka ji da shi?"

Yaya ya ce, "Rabin ɗaya."

"Rabi?"

"Tsalle take yi. Ba ta iya tafiya da tsofaffi ba."

Direba ya yi dariya har sai da ya riƙe tebur. Maman Auta ta taɓa ni ta ce mu je mu ɗora shayi, sun dawo hayyacinsu. Muna kicin muna jin Yaya yana neman a ba shi ɗan ƙaramin sukundireba da man keken ɗinki, Direba yana cewa a hankali da kayan mutane. Kafin ruwa ya tafasa gam ya saki. Da Mai Lema ta fito ta manyan lasifikokin nan, har mai shagon ƙasa sai da ya fito ya ɗaga kai. Suka ji fuska huɗun duka, suna tashi juyawa bayan kowace waƙa biyu, Direba yana mitar wai masu sabon bugu ba su tausayin gwiwa. A waƙa ta ƙarshe, da yake yanzu ba suya, suka ji ashe akwai wani namiji yana amsa mata can ƙasa-ƙasa, wanda ba su taɓa sanin yana nan ba. Yaya ya ce mijin ne ya dawo daga tafiya. Direba ya ce mai gidan haya ne ya zo da kansa.

Akwatin Mai Lema a ɗakin bayan shago ya kwana ranar, kusa da tsohon faifanta, don Yaya ya ce ba za a yar da wancan ba, wani lokacin mutum yana marmarin suyar. Ɗan garmahon aka ba ni, jikokina suna sa masa faya-fayan gwanjo da ba a jin tsoron su karce, ɗan Yaya kuma har yau yana zaton ubansa ne ya ara mini. Direba ya yi tabarau, amma sai zai karanta takardar faifai yake sawa, kuma sai ya rufe ƙofa. Auta ta ci gaba da aiko da sababbin bugu, sai dai yanzu shagon Yaya take aikawa kai tsaye, bisa umarnin uwarta. Maman Auta ta ɓoye almakashinta. Su biyun kuwa suna nan, benen ya fara yi wa Yaya tsawo, don haka Direba ne yake saukowa ya karɓi jakar a ƙasan matakala, su hau tare suna hutawa a tsakiya, duk ranar Asabar.